Gyaran Hoto a Burauza: A Ina Aikin Yake Gudana?

A shirinmu na yau zancen gyaran hoto za mu yi, irin wanda ba sai an sayi manhaja an ɗora ta a kwamfuta ba. A cikin burauza ake yinsa, wato manhajar nan da kuke buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Opera. Ka rubuta adireshi, shafi ya buɗe, sai ga kayan aiki a jere: na yanka, na gogewa, na rubutu, na gyara launi. Akwai tambaya ɗaya da nake so mu riƙe tun daga yanzu. Idan ka buɗe hotonka a irin wannan shafi, a ina aikin yake gudana? A na'urarka, ko a na'urar wani?

(Kiɗa kaɗan)

Duk mai sana'ar zane a kwamfuta ya san Photoshop. Wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Thomas da John Knoll, su suka ƙirƙiro ta, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. Shekaru da yawa ana sayenta sau ɗaya a huta. A 2013 kamfanin ya sauya tsari, duk mai son sabon samfuri sai dai ya biya haya, wata-wata ko shekara-shekara. Ga mai ƙaramin shagon kwamfuta a Kano ko Maraɗi, wanda cinikinsa katin biki ne da fosta da hoton fasfo, wannan haya da ake lissafawa da dala nauyi ce babba. Shi ya sa da yawa suka koma ga ta sata, wadda aka fi sani da kirak. Ita kuwa ta sata, ban da haƙƙin mai ita da ke wuyanka, sau da yawa da bairos take zuwa.

A wannan shekara ta 2013 ce wani ɗalibin Jami'ar Charles da ke birnin Prague na ƙasar Czech, mai suna Ivan Kutskir, haifaffen Yukren, ya saki wani shafi da ya sa wa suna Photopea. Da fari abin da shafin ya iya bai wuce buɗe fayil ɗin Photoshop ba, wanda ake kira PSD, a ga abin da ke ciki. Sannu a hankali ya yi ta ƙara masa kayan aiki, kusan shi kaɗai, har ya zama wanda ya saba da Photoshop ba zai yi baƙunta a cikinsa ba. Kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba, kuma akasarin kuɗin shigarsa daga tallan da ke gefen shafin yake zuwa.

Ba shi ya fara ba. Tun 2008 wani ɗan Suwidin, Ola Sevandersson, ya kafa Pixlr a kan fasahar Flash, wadda aka yi wa ritaya a ƙarshen 2020, dole Pixlr ta sake gini. A Ostareliya, Melanie Perkins da abokan aikinta biyu sun buɗe Canva a 2013. Burauzoji suka yi ta ƙara sauri, har ita Adobe da kanta ta fito da Photoshop ta burauza a 2023.

To, mu koma ga tambayarmu. A ido duk shafukan nan kama suke yi da juna, amma iri biyu ne. Wani injin niƙa yake kawo maka har gida, ka niƙa hatsinka da kanka. Wani kuma kai za ka kai masa hatsin, ya niƙa a wurinsa ya miƙo maka gari.

Photopea na cikin irin na farko. Da ka buɗe shafin, manhajar ce take saukowa cikin burauzarka. Hoton da ka buɗe yana nan a na'urarka, ita ke yin lissafin, ita ke ajiye sakamakon. Idan shafin ya gama buɗewa kana iya kashe data ka ci gaba da aiki, sai dai 'yan abubuwa, kamar ɗauko sabon salon rubutu ko wasu kayan ƙirƙirarriyar basira, su kam sai da intanet. Haka Squoosh take, shafin rage nauyin hoto da ma'aikatan Google suka fitar a 2018.

Canva kuwa tana cikin iri na biyu, haka ma remove.bg mai cire bayan hoto, wanda Canva ta sayi kamfanin da ya yi shi a 2021. A nan hotonka yana barin hannunka, ya tafi manyan kwamfutocin kamfanin. Kada a fahimce ni da cewa wannan aibi ne. Da shi ne za ka fara zanen kati a shago ka ƙarasa a wayarka a gida, da shi ne mutum uku za su haɗu a kan fosta ɗaya kowa yana garinsu, kuma tsohuwar kwamfuta ba za ta galabaita ba tunda wani ke ɗaukar mata nauyi. Amma kowane hoto da ka ɗora data ce ta tafi, kuma amana ce ka ba wa wanda ba ka gani. A watan Mayun 2019 masu kutse sun shiga Canva, suka kwashi bayanan masu amfani da ita kusan miliyan 139, ciki har da sunaye da adireshin imel. Sannan shafi yakan rufe. Shafin gyaran hoto na Picnik ya yi farin jini a zamaninsa, Google ta saye shi a 2010, ta rufe shi a 2012.

A nan nake so in yi magana da 'yan'uwana masu shagunan kwamfuta, domin abin ya fi shafarku. Lokacin rajistar jarrabawa ko ta hidimar ƙasa, mutane na miƙo muku hoton fasfo, takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, sakamakon makaranta. Shafin rajista ya ce fayil ya yi nauyi, sai yaron shago ya lalubo kowane shafi ya fara cin karo da shi, ya ɗora takardar mutum don a rage ta. Bai san mai shafin ba, bai san ƙasar da yake ba, bai san ko ana goge abin bayan an gama ba. Ita kuwa baiwar Allah da ta kawo takardarta tana zaune a benci, ba ta san an kai ta ko'ina ba. Wannan bai dace ba, alhali ga hanyar da za a yi aikin ba tare da takardar ta fita daga shagon ba. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma ko babu doka, amana amana ce.

Yaya za ka gane irin shafin da ke gabanka? Gwajin ba wuya. Buɗe shafin, jira ya gama buɗewa, sannan ka kashe data. Ɗauko wani hoto da ba na sirri ba, ka yanka shi, ka ajiye. Idan ya yi, a na'urarka aikin yake. Idan ya tsaya yana juyawa, to kwamfutocin kamfaninsa yake nema.

(Kiɗa kaɗan)

Sai dai aiki a na'urarka shi ma da nasa sharaɗin, kuma a nan ne mutane ke yawan ƙorafin cewa shafin ya daskare. Hoton da wayarka ta ɗauka mai megafiksel 12 ba ya wuce megabait uku ko huɗu a ajiye, domin a matse yake. Da ka buɗe shi don gyara sai ya warware, kowane ɗigo ya ci bait huɗu, ya zama kusan megabait 48 a ƙwaƙwalwar na'ura. Masu zane kuma da leya suke aiki, wato hoto a shimfiɗa ɗaya, rubutu a wata, ado a wata, don a iya taɓa ɗaya ba tare da an ɓata saura ba. Leya goma masu girman hoton nan sun doshi megabait 500. Ƙara da sauran shafukan da ka bari a buɗe, ka ga dalilin da ƙaramar kwamfuta take nishi. Maganin shi ne ka rufe shafukan da ba ka buƙata, ka rage girman hoton tun farko daidai da aikin da za ka yi da shi.

Kuma ka riƙa ajiyewa akai-akai. Tunda ba kamfanin da ke riƙe maka aikin, idan aka ɗauke wuta, ko hannunka ya kuskure ya rufe shafin, kana iya rasa wahalar yini guda. Ajiye kwafi ɗaya a PSD, wanda ke riƙe leyoyinka yadda suke, domin mai biki zai dawo ya ce an ɗaga rana. Wanda za ka ba shi kuma ka fitar a JPEG, ko a PNG idan tambari ne da ba a son komai a bayansa. Kada ka yi ta gyara JPEG kana sake ajiye shi, kowane zagaye ingancinsa raguwa yake.

Idan bugawa za a yi, mizanin da aka saba shi ne ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A4 ke nan tana son fiksel 2480 a faɗi, 3508 a tsawo, hoton fasfo mai milimita 35 da 45 kuma fiksel 413 da 531. Wajen turawa maɗaba'a ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin idan ka tura a matsayin hoto matse shi za a yi, fosta ta fito dishi-dishi. Launin fuskar kwamfuta kuma haske ne, na takarda tawada ce, ba sa zuwa daidai. A buga ɗaya a gani kafin a buga dubu.

Abu na ƙarshe namu ne mu masu rubutun Hausa. Yawancin salon rubutun ado da ke cikin shafukan nan ba su da haruffanmu masu lanƙwasa. Ka rubuta sunan amarya, harafi ɗaya ya fito da wata siffa dabam, ko ya zama ɗan akwati, sai mai zane ya gaji ya cire lanƙwasar baki ɗaya. Ba sai an kai ga haka ba. Salon Noto Sans na Google, da Andika da Charis, duk suna ɗauke da haruffan, kyauta ne, kuma Photopea na ba ka damar ɗora salon da ka sauke da kanka. Kafin ka zaɓi salo, rubuta haruffan ka gani ko sun fito daidai, manya da ƙanana.