Mai Tsallakar da Yara Titi: Aikinsa da Naki

Yau zancenmu a kan mutumin da da yawa cikinmu ba mu taɓa ganinsa ba, alhali kullum safiya ran ɗanki yana ratsawa ta hannunsa. Ina nufin mai tsallakar da yara titi a ƙofar makaranta.

Uwargida, kin san yadda Wudil take. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta nufi Maiduguri ta tsakiyar gari ta bi, ta haye gadar kogi. Tireloli da tankokin mai da motocin shanu ba sa yankewa, balle ranar Juma'a da kasuwar kara ke ci. Ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, ga babura, ga a-daidaita-sahu. Yaron da gidansu ke wannan ɓangare, makarantarsa ko islamiyyarsa ke wancan, ta cikin wannan hayaniya zai bi, zuwa da dawowa.

To mene ne aikin mai tsallakarwa? Yakan riga yara isowa, ya tsaya a wuri guda da kowa ya sani, sanye da riga mai ƙyalli don direba ya hango shi daga nesa. Ba ya sakin yara ɗai-ɗai. Tara su yake yi a gefe, ya jira hanya ta yi sauƙi, ya fara shiga shi kaɗai ya ɗaga hannu ko allo. Sai motocin kowane ɓangare sun tsaya cik sannan ya kira yara, kuma ba ya barin tsakiyar titi sai na ƙarshe ya haye. A wata makaranta maigadi ne ke yi, a wata malami, a wata ɗan agaji. A Ingila aiki ne da doka ta san da shi, mata da yawa ke yinsa, kuma direban da ya ƙi tsayawa ya yi laifi. A nan gida akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, da KAROTA ta Jihar Kano, amma ma'aikatansu ba za su ishi kowace ƙofar makaranta ba.

Me ya sa ba za a bar yaro ya tsallaka da kansa ba? Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 kafin ki ce "ɗaya". Tirela mai kaya kuwa, ko an taka birki sai ta ja tafiya kafin ta tsaya. Ƙaramin yaro bai iya auna gudun mota ba, gajere ne, motar da aka ajiye a gefe tana ɓoye shi, kuma da ya hango abokinsa a tsallake ya manta da komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29.

Kada ki ce ke da ba ki fita ina ruwanki da titi. Rabin aikin nan a ɗakinki yake. Ki sallami yara da wuri, domin yaron da ya makara yana tsoron bulala, shi ne ke faɗawa titi a guje. Ki haɗa ƙarami da babba, ki ce ya riƙe masa wuyan hannu, ba yatsu ba. Ki zana layi biyu da gawayi a tsakar gida ku gwada: a tsaya, a dubi hagu, a dubi dama, a sake duban hagu, a saurara. Hagu ake fara dubawa, don tun 1972 motocin ƙasar nan hannun dama suke bi, wadda ta fi kusa da yaro daga hagunsa za ta ɓullo. 'Yarki mai hijabi ki nuna mata ta juya kanta gaba ɗaya, kada ta yi kallon gefen ido. Wadda kike aika da talla ko kai niƙa ma wannan darasi ya shafe ta.

Da sun dawo ki tambaya: "Wa ya tsallakar da ku yau?" In suka ce babu kowa, ki zauna da maigida cikin lalama, ki roƙe shi ya kai maganar taron iyaye da malamai, ko wurin mai unguwa. A samu mutum natsattse, a saya masa riga da usur, a riƙa ba shi ɗan abin hasafi, a nemi hukuma ta yi zane da tudun rage gudu. Idan kuwa akwai shi, ki koya wa yaranki su gaishe shi, su ji maganarsa kamar ta malaminsu. Yana tsaye a rana da hazo saboda 'ya'yan da ba nasa ba.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.