Binciken da ka iya rage wa mutanen Tasawa da Mayahi zaryar cajin waya

A ƙauyuka da dama na gundumomin Tasawa da Mayahi a jihar Maraɗi, mai wayar salula sai ya nemi mai faifan sola ko janareta, ya biya kuɗi, kafin a yi masa caji. Mutanen gari ma ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulki.

Wani kaso na cajin yana ƙarewa ne a cikin transista, ƙananan makunnai da ake cusa biliyoyinsu a ƙwaƙwalwar waya. Aikinsu kamar na mai ban ruwa ne a lambu: su buɗe wa lantarki hanya, su toshe. Matsalar ita ce idan aka ƙanƙanta na silikon sosai, sai su riƙa yoyo ko da a rufe suke, wayar ta yi zafi, batir ya zuƙe.

A 2004, Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester a Ingila suka yi amfani da salatif suka ɓaro shimfiɗa mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya daga sinadarin bakin fensir. Sunanta girafin, kuma ta ba su kyautar Nobel a 2010. Sai dai girafin ba ya toshe lantarki gaba ɗaya.

A 2011 tawagar Andras Kis a birnin Lozan na Suwizalan ta ƙera transista da shimfiɗa ɗaya ta sinadarin MoS2, wadda ke rufuwa ruf. Masana sun gano cewa ana iya saita halin irin waɗannan sinadarai ta hanyar ƙara ko rage yawan shimfiɗu, ko ɗora wani a kan wani, ko ɗan karkata su. A 2018 masu bincike a MIT ta Amurka suka karkata shimfiɗu biyu na girafin da digiri 1.1, suka sanyaya su matuƙa, sai lantarki ya wuce ba tare da wata turjiya ba.

A 2025 Jami'ar Fudan ta Shanghai ta fito da ƙwaƙwalwar kwamfuta mai transista 5,900 na MoS2. Idan aka kwatanta da biliyoyin da ke cikin waya, da sauran tafiya.

Kafin nan, duk wayar da ke kan teburin mai caji a kasuwar Mayahi da silikon take aiki, kuma mai ita zai dawo jibi da kuɗinsa a hannu.