Yadda Ganye Yake Kare Kansa Daga Ɓoyayyen Hasken Rana

Ya kai ɗalibi mai karatu, ga wata mas'ala ka juya ta a ranka. Kai in rana ta take, sai ka sa malafa, ko ka shige zaure, ko ka fake a gindin bishiya. To ganyen bishiyar da ya yi maka inuwa fa, ina zai gudu? Tun hantsi har la'asar yana shanye a fili, amma gobe ka dawo ka tarar da shi kore shar. Wannan ba banza ba ne, akwai aiki a ciki.

Ka sani cewa hasken rana da kake gani fari, launuka ne a haɗe, su ne suke rarrabuwa a bakan gizo, daga ja har zuwa shunayya. A shekarar 1801 wani Bajamushe mai suna Johann Ritter ya rarraba hasken, ya ajiye takarda mai gishirin azurfa a gaba da shunayya, inda ido ba ya ganin komai. Sai takardar ta yi baƙi a nan, har ma fiye da inda ake ganin launi. Ashe akwai wani haske a ɓoye. Shi ake kira altirabayolet, a taƙaice UV.

Masana sun kasa shi uku bisa tsawon zangonsa, ana aunawa da nanomita, wato mita ɗaya a raba ta gida biliyan. UV-C, daga 100 zuwa 280, shi ne mafi sharri, amma ba ya isowa ƙasa, iskar sama tana shanye shi. UV-A, daga 315 zuwa 400, yana isowa da yawa, sai dai da sauƙi-sauƙi. Na tsakiyar, UV-B, daga 280 zuwa 315, shi ne abin maganarmu. Shimfiɗar iskar ozon da ke can sama tana tare mafi yawansa. Abin da yake tsallakowa bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙarfin hasken da ke sauka ƙasa ba, amma ɗan kaɗan ɗin nan yana da kaifi. Kuma ya fi yawa a ƙasashen da rana take bi ta tsakar ka, irin namu, da kuma kan manyan duwatsu.

Ɓarnarsa iri biyu ce. Ta farko, yana dukan DNA kai tsaye, wato kundin gadon da ke cikin kowace ƙwayar halitta, ya manne wasu haruffansa biyu da juna har karatun ya rikice. Ta biyu ita ce za mu tsaya a kanta. Ka ga yadda ƙarfe yake tsatsa, ko man gyaɗa ya daɗe ya canza wari? Aikin iskar oksijin ne. Ganye kuwa masana'antar oksijin ne, don a cikinsa ake haɗa abinci daga haske da ruwa da iska, oksijin yana fita. In haske ya yi yawa, ko UV-B ya lalata wani sashe na injin, sai wani ɓangare na oksijin ɗin ya rikiɗe ya zama mafaɗaci, yana cin duk abin da ya taɓa: kitsen bangon ƙwayar halitta, da furotin, da koren launin kansa. Mu kira wannan tsatsar cikin ganye. Ɗaya daga cikin mafaɗatan ma ka san shi, shi ne ruwan haidurojin da ake zubawa a ciwo yana kumfa.

To da me ganye yake yaƙi? Da farko yana sa malafarsa. A fatarsa ta waje yana tara wasu sinadarai da ake kira filabonoyid, masu shanye UV su bar hasken da ake bukata ya wuce ciki. Wasu tsirrai suna ƙarawa da kakin da ke sa ganye sheƙi, wasu da gashi-gashi. Ka lura da sabon tohon mangwaro, ja-ja yake fitowa kafin ya yi kore. Jan launin nan ɗan gidan filabonoyid ne, irinsa ne a zoɓo, kuma masana suna ganin yana taya ɗanyen ganye tsaro kafin ya yi ƙwari.

Abin da ya tsallake malafa sai ya gamu da dakarun ciki, masu kashe tsatsa. Aikinsu miƙa-miƙa ne. Akwai wani inzayim da ake taƙaita sunansa SOD, wanda McCord da Fridovich suka bayyana aikinsa a Amurka a 1969. Shi yake kama mafaɗacin farko ya mai da shi ruwan haidurojin. Wannan ma ai guba ne, don haka sai katalas ya karɓa ya farfasa shi ya zama ruwa da oksijin lafiyayye. Ƙwayar katalas guda tana iya farfasa miliyoyi cikin daƙiƙa ɗaya. Kumfar da kake gani a ciwo ma aikin katalas ɗin jikinka ne. A ɗakin haɗa abincin kuwa, wani inzayim ne dabam yake wannan aiki, yana amfani da bitamin C. In bitamin C ya gama ba da abin da ke hannunsa, sai wani sinadari, gulutatayon, ya sake cika shi ya koma fage. Bitamin E shi kuma yana zaune cikin kitsen bango yana gadi. Ka ga ke nan bitamin C da likita yake ce maka ka nema a ganye, ganyen ba don kai ya yi shi ba, don kansa ya yi.

Da aka gano ramin ozon a saman Antatika a 1985, aka kuma ƙulla yarjejeniyar Montiriyal a 1987 don rage sinadaran da suke cinye shi, hankalin masana ya tashi a kan amfanin gona. Aka yi ta gwaji da fitilun UV masu ƙarfi a cikin ɗaki, tsirrai suka yi ta ƙonewa. Amma da aka koma fili ƙarƙashin rana ta gaskiya, sai aka ga ɓarnar ba ta kai haka ba. Dalili ya ƙara fitowa a 2011, lokacin da masu bincike a Turai suka tabbatar cewa wani furotin mai suna UVR8, a cikin wata 'yar ciyawa dangin kabeji da ake kira Arabidofsis, ido ne na ganin UV-B. Yana zaune tagwaye a manne. Da UV-B ya taɓa shi sai tagwayen su rabu, saƙo ya tafi cibiyar ƙwayar halitta, a buɗe umarnin ƙera filabonoyid da masu kashe tsatsa da masu gyaran DNA. Tsiron da aka rasa wannan ido a jikinsa yana girma lafiya lau in babu UV-B, amma da an haska masa sai ya lalace inda ɗan'uwansa ya tsira.

Abin nufi, hasken da yake cutarwa shi ne kuma mai gargaɗi. In ya zo kaɗan-kaɗan, ganye yana shiri: filabonoyid ya ƙaru, har ma ya fi karkata ga irin da ake kira kwasetin, wanda ya fi iya kashe tsatsa. In ya zo da yawa bagatatan a kan ganyen da bai shirya ba, sai tsatsa ta fi ƙarfin dakaru, ganye ya yi fari-fari ko ruwan tagulla, ya nannaɗe. Shirin ma ba kyauta ba ne. Abincin da aka kashe a kan tsaro an rage shi daga girma, kuma tsiron da ya sha UV-B yakan fito gajere, ganyensa ƙanana masu kauri.

Masu lambu sun daɗe da sanin rabin wannan ba tare da sunayen ba. Irin tumatir ko tattasai da aka rena a ƙarƙashin rumfa, mai hankali ba ya kwashe shi rana ɗaya ya kai fili. Yakan rage inuwar sannu-sannu na 'yan kwanaki, sa'annan ya yi dashe da yamma. Zafi da ƙishirwa suna cikin dalili, babu shakka, amma kwanakin nan su ne kuma ganye yake ɗinka malafarsa. Haka abin yake ga shukar da ta girma a bayan gilashin taga, don gilashi yana tare kusan duk UV-B.

A Jafan kuwa akasin haka suke yi da gangan. Suna rufe gonar shayi kimanin kwana 20 kafin tsinka, don ganyen ya rage tara sinadaran tsaro masu bauri, shayin ya fito da taushin ɗanɗano, a sayar da tsada. Kabeji da latas ma shaida ne: ganyen waje mai duhun kore, wanda ya sha rana, ya fi farin na ciki filabonoyid nesa ba kusa ba. Shi ne kuwa wanda aka fi ɓarewa a jefa wa akuya. In bai ruɓe ba, a wanke shi da kyau a sa a tukunya.