Baƙin da Ba Su Shiga Lissafi Ba



Bari in fara da Kete-Krachi, don labarinta ya daɗe yana tsaya mini a rai. Tsohon zango ne na fatake, a nan Alhaji Umaru, shehun malamin nan haifaffen Kano, ya karantar da ɗalibai har ya rasu a 1934. Yau in ka je neman tsohon garin, sai dai a nuna maka ruwa. Ruwa kawai, jama'a. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafkin Volta ya shanye shi. Mutum kusan 80,000 aka tayar a yankin baki ɗaya, aka gina musu sababbin matsugunai 52. An san adadinsu domin an san ruwa na tafe, ma'aikata suka bi ƙauye-ƙauye suna rubuta sunaye.

To, wanda aka kora a hankali fa? Ka je kasuwar Kejetia ta Kumasi da hantsi, ka dubi yarinyar nan 'yar kayayo mai dako, babban kwano a ka, gammo ya jiƙe da gumi. Daga arewa ta zo. Bara damina ta yi gardama, bana an buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, ruwa ya kwashe masarar babanta. Ka tambaye ta me ya kawo ta, za ta ce neman kuɗi. Shi kuwa mai ƙidaya sai ya rubuta neman kuɗi. Fari bai shiga takarda ba, ambaliya ma haka.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da manyan alƙaluma. A 2021 Bankin Duniya ya ce nan da 2050 sauyin yanayi na iya tayar da mutum miliyan 216 a cikin ƙasashensu, miliyan 86 a Afirka kudu da Sahara. Hasashe ne, ba a ƙirga kowa ba.

Lokaci na hararar mu. Wanda ya san baƙo shi ne mai masaukinsa. Sarakunan zango, limamanmu na Aboabo da Asawase, don Allah a tanadi littafi. Baƙo in ya sauka, a tambaye shi labarin gonarsa, a rubuta, a kai wa NADMO, hukumar kula da bala'o'i.