Gyara Ko Sakewa? Shawarar Da Ke Jiran Mai Gida Kafin Damina

A kowace shekara, da zarar watan Afrilu ya raba, gabas ta fara haɗa hadari, sai masu gidaje su tuna da abin da suka manta da shi tsawon wata shida, watau rufin da ke bisa kansu. Mutumin da ya kwana yana jera robobi da kwanuka a tsakar ɗaki cikin Agustan bara, ya kuma ɗauki alkawarin neman kafinta da zarar ruwa ya ɗauke, ga shi rani ya zo ya wuce bai taɓuka kome ba. Yanzu tambaya ɗaya ce a gabansa: a yi faci a lallaɓa, ko kuwa a kware rufin duka a sake sabo? Ga ma'aikacin da ke jiran albashin ƙarshen wata, wannan babbar shawara ce, musamman tun shekarar 2023 da aka janye tallafin man fetur, darajar Naira ta faɗi, kuɗin kwano da katako da ƙusa suka yi tashin gwauron zabo.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin girman aikin da rufi ke yi. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Ke nan gidan da rufinsa ya kai murabba'in mita 100, in aka sheƙa ruwa milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, to rufin ya karɓi lita 5,000, watau cikin duro 25. Ƙofar da ba ta wuce ta ƙusa ba ta isa ta jiƙa katifa, ta ruɓar da silin, ta kai laima ga wayoyin lantarki.

Kuskuren da akasarinmu muke yi shi ne duban kwano daga tsakar gida. In ya yi ja da tsatsa mu ce ya mutu, in yana ƙyalli mu ce lafiya lau. Alhali kuwa abin da zai yanke hukunci yana ƙarƙashin kwanon, inda ido ba ya kaiwa sai an hau. Lalle ne mai gida ya shiga cikin silin da rana tsaka, shi da kafintan da ya amince da shi, da tocila da sukudireba. Duk inda hasken rana ya ratso, nan ruwa zai bi. Sa'an nan a bi katakon ɗaya bayan ɗaya ana tsira masa ƙarfen. In ya ƙi shiga, katako na da rai. In ya nutse kamar cikin burodi, ko gari ya zubo, to gara ko ruɓa sun gama da shi, ko da kuwa bayansa na nan sumul, domin gara daga ciki take ci.

Idan katako na da ƙarfi, gyara ya wadatar, kuma kada a yarda wani ya ce sai an kware duka. Yawancin yoyon rufin kwano daga ƙusa yake farawa. Zafin rana na sa kwano ya buɗe, sanyin dare ya sa ya tsuke, a hankali ƙusa ta yi lako-lako, ƙofarta ta faɗaɗa. Maganin wannan a cire ta a buga sabuwa mai hula da roba, a kan tudun kwanon, ba cikin kwarin da ruwa ke gudu ba. Tsatsar da ke sama kawai, wadda ba ta huda ba, ana kankare ta a shafa fenti. Fallen da ya huje kuwa a cire shi a sa wani, tun da bandir guda falle 20 ne, ya kan rufe ɓarna mai yawa. Sai dai a kula, kada a haɗa fallen alminiyum da ƙusar ƙarfe mai tsatsa, domin in laima ta shiga tsakaninsu ɗaya na cin ɗaya.

Amma fa idan katako ya ruɓe, ko tsakiyar rufin ta lotsa, duk kuɗin da aka kashe a faci an zuba shi a rijiya ne. Ƙusa ba ta kama ruɓaɓɓen katako. Iskar farkon damina kuwa ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, shi ya sa bayan guguwa akan tarar da rufin gida sukutum a gonar maƙwabci. Manyan duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake ɗorawa bisa kwano shaida ce cewa mai gidan ya san halin da ake ciki. Wanda zai sake rufi ya tabbatar an ɗaure katakon da bango da ƙarfe ko langalanga, an kuma shafa masa maganin gara kafin a buga shi. A ganina, in kashi ɗaya cikin uku na fallayen ya huje, ko kuwa kuɗin facin damina uku da suka wuce ya kusa rabin kuɗin sabon aiki, to lokacin sakewa ya yi.

Rufin soro yana da nasa hukuncin. Magina na dā sun san cewa azarar giginya ba ta jin tsoron gara kamar katako, kuma ɗakin ƙasa ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina wajen shekarun 1830, ya isa shaida a kan abin da ƙasa da azara za su iya. Sharaɗin dai shi ne yaɓe a kan kari, da makuba ko katsi, da share indararo kafin ruwan farko. Haɗarin da ke nan shi ne ƙara yaɓe bisa yaɓe shekara da shekaru ba tare da an rage tsohuwar ƙasa ba. Nauyi na ƙaruwa, in ƙasar ta sha ruwa ta ƙara nauyi, azara kuwa tana tsufa. In aka ga azara ta lanƙwasa, ko bakinta da ke cikin bango ya yi laushi, ko ƙasa na zubowa daga sama ba dalili, a kwashe iyali daga ɗakin a ranar, domin soro ba ya yin sallama kafin ya rufto. Waɗanda ke ɗora kwano bisa soro sun sami sanyi da kariya gaba ɗaya, amma sukan daina duba azarar da ke ƙasa, wannan kuwa ganganci ne.

Akwai kuma ma'aikatan da suka sayi gidajen gwamnati bayan tsarin da Gwamnatin Tarayya ta fito da shi a 2003, da yawansu masu rufin asbestos. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa shaƙar ƙurar asbestos na haddasa ciwon daji, Ingila ma ta hana amfani da shi gaba ɗaya a 1999. Fallen da ke zaune lafiya bai fashe ba, haɗarinsa kaɗan ne. Wanda ya tsage kuwa kada a yanka shi da zarto ko a goge shi. A jiƙa shi da ruwa, a sauke shi sukutum, mai aikin ya rufe hanci da baki, kuma kada a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa.

Wanda aljihunsa bai kai ga sake rufin gida duka ba, yana iya raba aikin, bana ɗakunan kwana, baɗi zaure da kicin. Ya rubuta yarjejeniya da kafinta a gaban shaidu, ya je kasuwa da kansa ya taɓa kaurin kwanon, ya kuma riƙe wani abu daga ladan aikin sai an yi ruwa biyu ko uku an ga yadda rufin ya yi.