Gilashin zuƙo nesa: Abin da hadimin gwamnati zai duba kafin ya ɗauki kyamara zuwa Fatakwal, Anacha da Enugu

Duk lokacin da wani minista ko ɗan majalisa daga Arewa ya sauka a Kudu maso Gabas ko yankin Neja Delta, akwai ziyarar da ba kasafai ake cire ta daga jadawalinsa ba, wato gaisuwa ga Sarkin Hausawa da jama'arsa. A ƙarshen ayarin akan ga wani matashi rataye da kyamara, wanda ake jiran hotunansa a Abuja tun kafin motoci su koma filin jirgi. Sau da yawa shi ne ya rubuta takardar neman a sayo gilashin da ke bakin kyamarar, kuma shi za a tuhuma idan fuskar mai gida ta fito dishi-dishi bayan an kashe kuɗin ofis masu kauri.

Kuskuren da aka fi yi wajen rubuta irin wannan takarda shi ne bin lamba mafi girma. A jikin kowane gilashin zuƙo nesa akwai lambobi biyu na milimita, kamar 70-200, ko 70-300, ko 150-600. Ta farko tana nuna iyakar faɗin da gilashin zai kwaso, ta biyu kuma iyakar nisan da zai jawo. Wanda bai saba ba yakan ɗauka cewa mai 600 ya ninka mai 200 kyau sau uku. An ƙera mai 150-600 ne domin masu ɗaukar tsuntsaye da wasanni. Nauyinsa ya kusa kilo 2, kuma wasu daga cikinsu ba sa kama abin da bai kai nisan mita biyu da rabi ba.

To, ina za a sami wannan sarari? Wanda ya taɓa shiga titin Bida a Anacha, inda babban masallacin garin yake, ko ya ratsa kasuwannin bakin Gadar Neja, ya san cewa mutum ba ya iya ja da baya taku biyar bai taka kayan wani ba. Haka lamarin yake a lungunan Diobu na Fatakwal, da kasuwar New Artisan ta Enugu inda 'yan Arewa ke hada-hadar dabbobi da kayan gwari. A irin waɗannan wurare lambar farko ta fi ta biyu amfani. A milimita 70 ana iya ɗaukar mutum uku suna musabaha daga tazarar 'yan mitoci. A 150 kuwa sai dai rawani da rabin fuska. Wannan ne ya sa mai 70-200 ya zama abokin tafiyar 'yan jarida a duniya. Sai a fili irin karar shanu ta Ugwuoba, kan hanyar Enugu zuwa Anacha, ko filin Idi, mai 300 ko 400 ke samun wurin nuna kansa.

Akwai kuma lissafin da ake yawan mantawa da shi. Yawancin kyamarorin da ke ofisoshi masu ƙaramin farantin ɗaukar hoto ne, kuma a kansu ana ninka lambar da 1.5 a Nikon da Sony, ko 1.6 a Canon. Ke nan gilashin 200 yana aikin na 300 ko 320. Nisan da ake nema ya samu ba tare da ƙarin ko kwabo ba, sai dai 70 ɗin ma ta koma sama da 100, lungu ya ƙara matsewa.

Lamba ta gaba ita ce ta ƙofar haske, wadda ake rubutawa da harafin f. A nan ƙaramar lamba ce babba: f/2.8 tana shigar da haske ninki biyu na f/4, ninki huɗu na f/5.6. Gilasai masu araha irin 70-300 sukan tsuke zuwa f/5.6 idan aka zuƙo su ƙarshe. Da rana tsaka a Abuja ba mai lura da wannan. Amma cikin masallaci, ko ƙarƙashin rumfar kwano a Fatakwal ranar da hadari ya rufe sama, bambancin ya isa ya raba hoton da za a buga da wanda za a goge. Sai dai haske da tsadarsa yake zuwa. Tsofaffin 70-200 masu f/2.8 na Canon da Nikon sun kusa kilo ɗaya da rabi, yayin da na f/4 ke wajen rabin haka, kuma kuɗinsa ya yi ƙasa sosai. Hadimin da zai wuni yana bin ayari da gudu, mafi yawan aikinsa kuma a waje yake, ba abin kunya ba ne ya zaɓi f/4. Wanda aikinsa ya fi yawa a ɗakunan taro, shi ne zai iya kare kuɗin f/2.8 a gaban sashen saye-saye.

Na'urar hana rawar hannu kuwa ba abin yi wa rowa ba ce. Canon na kiran ta IS, Nikon VR, Sony OSS, Sigma OS, Tamron kuma VC. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce a milimita 200 kada saurin ƙiftawar kyamara ya gaza kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa. Na'urar tana sassauta wannan ƙa'ida, amma hannun mai ɗauka kaɗai take tsayarwa. Ba ta tsayar da mai jawabi da ke kaɗa hannu.

Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato ya san ƙurar hunturu ce abokiyar gabar kyamara. A Kudu laima ce. Ruwan da Fatakwal ke samu a shekara ya haura milimita 2,000, fiye da ninki biyu na Kano. Da an fito da gilashi daga mota mai sanyi zuwa iskar waje sai ya yi gumi, a tsaya jiran mintuna kafin ya washe, alhali an riga an gama musabaha. Dabarar ita ce a bar jakar kyamara nesa da bakin na'urar sanyaya mota. Mafi muni shi ne funfuna, wadda ke tsirowa a cikin gilashin da aka kulle a jaka da danshi, ta yi zare-zare kamar saƙar gizo, ta ci shafen da ke fuskarsa. Saboda haka mai sayen na hannu, a babbar kasuwar Anacha ne ko a Banex ta Wuse, ya haska fitilar waya ta baya ya leƙa ta gaba kafin ya yi ciniki. Ya kuma tabbatar bakin gilashin ya dace da kyamararsa, domin tun 2018 Canon ta fito da sabon baki na RF, Nikon kuma na Z, kuma tsofaffin gilasai ba sa hawa sai da mahaɗi.

Akwai ɓangaren da ba ya cikin takardar kamfani. Hausawa da Fulani sun daɗe a waɗannan garuruwa. Malam Umaru Altine, falken shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne Magajin Garin Enugu na farko a shekarun 1950. Amma al'ummar ta ga 1966, ta ga rikicin Anacha na Fabrairun 2006, ta ga tashin hankalin Oyigbo na Oktoban 2020. Mutanen da suka sha irin wannan ba sa sakin jiki da baƙon da ya tsaya can nesa ya auna su da dogon bututu, kuma jami'an tsaron da ke shingayen hanya ma ba sa yi masa kallon alheri. Dogon gilashi yana ba mutum damar ɗaukar hoton wanda bai yi wa sallama ba. Yana kuma da wata ɗabi'a: yakan matse na gaba da na baya wuri guda, ta yadda mutum 50 a lungu za su fito kamar cincirindo. Ga mai neman nuna cewa mai gidansa ya sami tarba, wannan abin so ne. Amma hoton nan ɗaya, idan ya faɗa Facebook ba tare da bayani ba, yana iya zama hujjar masu cewa baƙi sun mamaye gari, kuma waɗanda za su kwana da fargabar ba sa cikin jirgin da ya koma Abuja. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ma ta shafi duk bayanin da za a iya gane mutum da shi, har da fuskarsa.

Masu wannan aiki da suka goge sukan fara ne da fadar Sarkin Hausawa ko ofishin shugaban kasuwa, su nemi izini, a haɗa su da ɗan rakiya. Wanda ya sami ɗan rakiya zai tsaya kusa, kuma wanda ya tsaya kusa da wuya ya wuce milimita 135. A cikin zauren sarkin kuwa, inda ake cire takalmi a zauna kan darduma gwiwa da gwiwa, ko 70 ɗin ta yi tsawo, sai an koma ga ƙaramin gilashi irin 24-70. Yana da kyau a sa shi a layi na biyu na takardar sayen, tare da akwatin busar da kaya da ƙunshin ƙwayoyin silika masu tsotse danshi.