Mai Gadi Ya Hana Mai Gida Shiga

Ba ƙaramin baƙin ciki ba ne mutum ya wayi gari ya tarar mai gadin da ya ɗauka da kansa ya garƙame masa ƙofa. Hakan kan sami masu shafukan WordPress, manhajar da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, idan suka ɗora mata Wordfence don tsaro.

Shi wannan mai gadi bai san fuska ba, lambar IP kaɗai ya sani. Muddin aka yi ta kuskuren kalmar sirri har aka cika adadin da aka yanka masa, sai ya toshe lambar, ko ta ɓarawo ce ko ta mai gida. Ga shi kuwa kamfanonin waya kan tara jama'a a lamba guda, laifin wani ya shafi wani.

A shafin toshewar akwai gurbin da mai kula da shafi zai rubuta adireshin imel ɗinsa, a aiko masa da mahaɗin buɗewa. A nan da yawa ke tuntuɓe, domin wanda ya gina musu shafin nasa adireshin ya sa, ya kuwa yi gaba abinsa.

In wannan ta ƙi, sai a zaga ta cPanel ko FTP, a shiga wp-content/plugins, a sauya sunan jakar wordfence. Nan take mai gadin zai kwanta, ƙofa ta buɗe. Sai dai fa gidan a buɗe yake ga kowa. Da an shiga sai a mayar da sunan, a sake kunna Wordfence, a cire lambar daga jerin waɗanda aka toshe.